Abin da Aka Ɗauko a But ɗin Motata

Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin karkara da ke tsakanin Bici da Kunci. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ɗauka ni mai saurin ƙyama ce. Na karɓi haihuwa a kan tabarma, na karɓa a bayan a-kori-kura, na wanke abin da wasu ko kallonsa ba sa iya yi, na tashi na wanke hannu na ci tuwona. Amma abin da na tarar a cikin motata bayan wata Babbar Sallah, har yau ba na son tunawa da shi.

Motar 'yar kwatano ce, ruwan toka. Na saye ta ne bayan na gaji da hawa acaɓa da farin kaya, in isa wurin aiki rabin zanena taɓo. Maigidana malamin firamare ne, yana da babur ɗinsa, tuƙin mota kuma bai dame shi ba. A filin ƙwallon makarantarsu na koyi tuƙi, matan unguwa suna leƙe ta saman danga. Gidanmu irin gidan gandu ne, mu da Inna, mahaifiyar maigida, da ƙaninsa da iyalinsa, kowa da sashensa, gonaki sun kewaye mu har bakin katanga. A ƙofar gida, kusa da rumbunan hatsi, na sa aka kafa mini rumfar kwano, nan motar take kwana.

Ina kula da ita kamar yadda nake kula da kayan aikina. Kowace safiya kafin in tayar da ita sai na ɗaga bonet, in duba ruwan lagireto, in zaro sandar baƙin mai in goge in mayar in sake zarowa, in zaga in kalli tayoyi. A ƙarƙashin kujera akwai leda mai kauri da nake shimfiɗawa in an kawo mai naƙudar da ta fi ƙarfinmu, ya zama dole a kai ta babban asibiti. Ina dawowa zan wanke ledar da ruwan bilic in shanya. Duk wanda ya shiga motar nan ya san ba ta da wari.

Washegarin Sallah da hantsi ina tsakar gida ina suyar naman layya, sai ga ƙanin maigida ya yi sallama. Mutum ne mai fara'a, mai daɗin baki, ba shi da tsayayyar sana'a. Da kaka ya sayi gyaɗa, da rani ya koma dillancin awaki, duk abin da kasuwa ta buɗe da shi a nan za ka same shi. Ya durƙusa daga gefe.

"Yaya, barka da Sallah. An sha hidima."

"Barkanmu dai. Ga nama nan, ɗebi da zafinsa."

Ya ɗauki tsoka ɗaya, bai ci ba, yana jujjuya ta a hannu. "Yaya, wata alfarma ce ta kawo ni. Surukata ce ba lafiya, tun jiya take kwance. Ina so in ɗauko ta in kai ta asibitin Ɗambatta, ga shi yau motar haya ta yi wuya."

Na tambaye shi me ke damunta, ya ce jiri ne da ciwon kai, ko tsayuwa ba ta iyawa. Na ce ya tabbata an auna mata jini. Na goge hannu a zane, na shiga ɗaki na ɗauko makulli na ba shi. Har na bi shi da cewa ya bi a hankali a wurin kwalbatin da ya karye, kada ƙasan motar ya daki dutse.

Bai dawo ba sai bayan la'asar. Motar tana ta sheƙi, an wanke ta har tayoyi. Da na buɗe ƙofa, turare ya bugi hancina, irin mai ƙarfin nan da ake fesa wa kaya a kasuwa.

"Har wanke miki ita na sa aka yi," in ji shi.

"Ai ka kyauta. Ya mai jikin?"

"Da sauƙi sosai. An ba ta magani, na mayar da ita gida."

Na yi masa godiya. Ni, mai mota, na yi masa godiya.

Hutun Sallah ya ƙare na koma aiki. A shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne a farkon damina, lokacin da ruwa ya sauka amma zafi bai tafi ba, rana ta fito bayan ruwa ta dafa ƙasa har tururi ya tashi. Turaren ya fara gushewa, wani abu kuma ya fara fitowa daga ƙarƙashinsa. Da farko kaɗan ne, kamar an manta da ɗanyen nama a leda. Na leƙa ƙarƙashin kujeru, ko wani ƙullin naman rabo ne ya faɗi, ban ga komai ba. Na buɗe but, kafet ɗinsa tsaf, sai ɗan danshi, na ce na wanki ne.

Kafin mako ya zagayo abin ya wuce misali. In motar ta wuni a rana a harabar asibiti, na zo na buɗe ƙofa, sai in ja da baya in tsaya tukuna. Wari ne mai nauyi, mai maiƙo, da yake zama a maƙogwaro. Ya kama kallabina, ya kama jakata. In na dawo gida na cire farin kaya sai in ji shi a jikin rigar. Korayen ƙudajen nan masu ƙyalli suka fara bin motar. Ina tafiya gilasai a sauke, suna shigowa suna zaga kaina. Wata abokiyar aikina da nake rage wa hanya kullum ta fara cewa yau tana da ɗan uzuri, in wuce kawai. Na gane uzurin.

Babu abin da ban yi ba. Na fitar da tabarmin ƙafa na wanke na shanya. Na goge kujeru da ruwan zafi da sabulu. Na kunna turaren wuta a kasko na sa a ciki na rufe ƙofofi, sai ya haɗu da warin suka zama wani abu na uku da ya fi na farko muni. Na zuba gawayi a kwano, na yanyanka lemon tsami na ajiye a kowane lungu. Matsalar ita ce warin ya riga ya cika motar duka, hanci ba ya iya cewa daga nan yake fitowa.

Na kai ta wurin bakaniken da yake yi mini juyen baƙin mai a Bici, wani dattijo da ya daɗe a sana'ar. Ya sa kai cikin motar, ya fito da sauri yana tofar da miyau.

"Hajiya, ɓera ne ya mutu a cikin esi. Na sha gani."

Ya kwance rabin dashbod, ya zura hannu, ya haska da fitilar wayarsa. Babu ɓera. Ya ce to ƙadangare ne ya maƙale a cikin ƙofa. Ya ɓalle marfin ƙofofin, babu ƙadangare. Ya tsaya yana goge hannu da tsumma, ya rage murya.

"Hajiya, ba ki da wata rigima da kowa? Don wani abin ba na kanikanci ba ne."

Na ce masa ya mayar mini da dashbod ɗina yadda ya same shi. Na baro garejin da warina, ga kuma wata sabuwar ƙara da dashbod ɗin ya koyo, duk ramin da na faɗa sai ya amsa.

Daga nan motar ta fara wasu halaye. Wata safiya maigida ya biyo ni a baya da babur, ya tsayar da ni ya ce in na taka burki fitilar baya ɗaya ba ta kamawa. Na sa aka canja ƙwan fitila, ba ta kama ba. Sai allurar mai ta fara hauka, tanki a cike ta faɗi ƙasa, in faɗa rami ta miƙe. Ban haɗa wannan da warin ba. Na ɗauka tsufa ne ya fara kama ta.

Ranar da abin ya fashe, an yi ruwa da asuba. Da hantsi aka kawo mana wata mata mai haihuwar fari, naƙuda ta daɗe, yaro ya ƙi saukowa. Na duba na ga ba aikinmu ba ne, sai babban asibiti. Babu wata mota a kusa sai tawa. Na shimfiɗa leda, aka kwantar da ita a baya, mahaifiyarta ta riƙe mata kai. Ba mu yi nisa ba yarinyar ta fara yunƙurin amai. Uwar ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce, "Malama, me ya mutu a motar nan?" Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Mace tana fama da ranta, na ƙara mata da wannan.

Muna cikin wani burtali, gero ya kai gwiwa dama da hagu, sai motar ta yi shiru. Ba ta yi tari ba, ba ta yi gargaɗi ba, ta mutu kawai ta gangara ta tsaya. Na murɗa makulli, injin yana juyawa amma ba ya kamawa. Batir lafiya ke nan. Na kashe, na sake murɗawa rabi na kasa kunne. Kullum in na yi haka ina jin wani ɗan zuuu daga bayan kujera, famfon mai ne yake turo fetur. Ranar babu zuuu. Sai nishin yarinyar kawai.

Allah Ya taimake mu, wata a-kori-kura ta biyo hanyar da buhunan taki. Direban ya sauke wasu buhunan a bakin gona, muka ɗora yarinyar, na hau tare da su. Motata na bar ta a hannun wani manomi da yake noman firi a wurin. An yi wa yarinyar aiki, an ciro ɗa namiji da rai, ita ma ta tashi. Amma duk tsawon hanyar nan, ina riƙe da hannunta a kan buhun taki, abin da nake ji a raina ba ya faɗuwa.

Bayan azahar na ɗauko bakaniken a kan acaɓa muka koma. Na gaya masa famfo ba ya kuka. Ya buɗe akwatin fiyus, ya zaro ɗaya, ya ɗaga wa rana, ya ƙone. Ya sa sabo, na murɗa makulli, nan take shi ma ya ƙone.

"Waya ce take taɓa ƙarfe a wani wuri," ya ce. "Wayoyin famfo da na fitilun baya duk ta ƙasan kujera suke bi su shiga but. Sai mun ɗaga."

Yana kokawa da kujerar baya, ni kuma na zaga na buɗe but. Na yaye kafet. A ƙarƙashinsa akwai katakon da yake rufe ramin safayar taya. Tun da na sayi sababbin tayoyi ban yi faci ba, don haka ban ɗaga shi ba, kuma da na ga kafet ɗin a wanke hankalina bai taɓa kai wa can ba. Na sa yatsu biyu na ɗaga.

Ban san lokacin da na saki katakon na koma bakin gona na durƙusa ba. Duk abin da na ci tun safe ya dawo.

Da na samu kaina na ɗaure hanci da kallabi na koma. Ramin ya cika kusan rabi da wani baƙin ruwa mai kauri, tayar tana jiƙe a ciki. Saman ruwan yana motsi. Tsutsotsi ne, farare, masu ƙiba, suna hawa kan juna, wasu sun hau jikin jak, wasu sun cika cikin ƙarfen tayar. A gefe-gefe gishiri ya daskare ya yi ɓawo, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya yi ja da tsatsa. Ga gashi, curi-curi, fari da baƙi. A kusurwa, inda wayoyi suka bi, an yagi soson kujera an yi sheƙa, cikinta jariran ɓera jajaye, ko gashi ba su yi ba, suna mutsu-mutsu. Wayoyin duk an gwaigwaye su, jan ƙarfensu a waje.

Bakaniken ya leƙo, ya yi salati. Ya samo kara ya tona, ya ɗago wani abu da ya yi kama da tsumma. Guntun wutsiyar rago ce, da fatarta.

"Fatu aka ɗauko a motar nan, Hajiya. Ɗanyun fatun layya, an zuba musu gishiri an jibga. Ruwansu ne ya tsiyaye ta gefen katako. An wanke sama, an bar ƙasa." Ya yar da karan. "Ɓeraye kuma suka biyo wari daga rumbu."

Na tsaya ina kallon wutsiyar nan a kan ciyawa. Na tuna durƙuson da aka yi mini a tsakar gida, da jiri da ciwon kai, da godiyar da na yi.

Shi bakaniken ya ce ba zai sa hannu a ruwan ba, ban kuma ga laifinsa ba. Ina da safar hannu a jaka. Na sa biyu-biyu. A ƙasan ramin akwai wata 'yar roba da take toshe ƙofar tsiyaya, na lalubo ta a cikin ruwan na tura ta waje. Jin abin da yake gogar yatsuna ta cikin safar, ba zan kwatanta ba. Ruwan ya zubo a kan hanya, ƙudaje suka sauka a kai kamar an kira su. Manomin nan, Allah Ya saka masa, ya ɗebo mana ruwa daga kududdufi a bokiti, muka yi ta kwarawa. Sheƙar kuwa shi ya kwashe ta da fartanya ya kai nesa. Sai a lokacin bakaniken ya zauna ya yanke wayoyin da suka lalace, ya haɗa, ya naɗe da tef. Na murɗa makulli, zuuu ta dawo, motar ta tashi.

Na ƙulle wutsiyar a leda na tafi da ita gida. A bakin rijiya na haɗu da matar ƙanin maigida, tana da tsohon ciki a lokacin. Na ce mata, "Ya jikin mahaifiyarki? Jirin ya sake ta?"

Ta dube ni da mamaki. "Wane jiri, Yaya? Ai lafiyarta ƙalau. Washegarin Sallah ma da ƙafarta ta zo mana yawon Sallah."

Bayan sallar magariba na roƙi maigida ya kira ƙaninsa ɗakin Inna. Na gaishe da Inna, na kwance ledar na ajiye a gabansu. Inna ta kau da kai ta ce a fitar da wannan ƙazanta. Na faɗi duk abin da ya faru, har da yarinyar da muka ɗora a kan buhun taki.

Ƙanin maigida ya kalli wutsiyar, ya kalle ni, ko gezau.

"Ni ban san da wannan ba, Yaya. Wataƙila cikin naman layyarku ne ta faɗa."

Na ce, "Ragonmu fari ne tas. Wannan baƙa ce."

Sai ya yi 'yar dariya, ya juya wajen Inna. "To Inna, ai motar ba yau ta fara ɗaukar jini ba. Wa ya san abin da masu haihuwar nan suke zubarwa a ciki? Don na ara rana ɗaya sai a ɗora mini?"

Wannan maganar ta fi mini ruwan ramin ƙazanta. Matan da nake ɗauka suna tsakanin rai da mutuwa, su ya jawo ya shafa wa abin da ya yi, ga matarsa da ciki a sashensu.

Maigida, wanda ba ya son hayaniya, shi ya amsa. "Mace ba ta haihuwar gashin rago, kuma ba ta haihuwar gishiri. Ka yi ƙarya da ciwon surukarka. Tashi ka ba mu wuri."

Ya tashi yana gunaguni, wai don mutum ba shi da mota shi ya sa ake wulaƙanta shi. Inna ta ce in yi haƙuri, ɗan'uwa ne, ƙuruciya ce. Mutumin da yake da 'ya'ya a makaranta. Na ce na ji, Inna. Ban ce na haƙura ba.

Gyaran ya ɗauki lokaci. Gishirin ya ci ƙarfen ramin har ya huje, sai da mai walda ya yanke ya yi ƙari. Kafet ɗin da katakon na sa aka ƙone su a bayan gari, na shimfiɗa baƙar roba a madadinsu. Safayar taya kuwa, duk wankin da aka yi mata ba ta daina wari ba, na bar wa mai faci. Na sa aka ciro rumfar daga gefen rumbuna aka mayar da ita can gindin darbejiya. Allurar mai ba ta sake komawa daidai ba, yanzu da ido da lissafin tafiya nake sanin lokacin shan mai. Makullina kuma ya koma cikin jakar aikina. Masu zuwa aro sun zo, na ce in mara lafiya ne a fito da shi in gani, ni zan tuƙa. Da yawa ba su dawo ba.

Ƙanin maigida bai taɓa ba ni haƙuri ba. Muna gaisawa, shi ke nan. Da matarsa ta tashi haihuwa ni na karɓa, a ɗakinta, lafiya lau, mace. Ranar suna aka kawo mini kwanon abinci na musamman, wai na ungozoma. Na buɗe, shinkafa da miya, a sama an jera ganda, ta dahu ta yi laushi tana rawa, wani yanki ma da ɗan sauran gashi a gefensa. Na mayar da murfin, na miƙa wa matar da ke kusa da ni, na fita bayan ɗaki na tsaya ina shaƙar iska har abin ya lafa.